Kukan da Abdulbasit Ya Sata

Abdulbasit ɗalibi ne ɗan Gusau da ke karatun harshen Larabci a Alƙahira, yana zaune a unguwar Hayyin Ashir tare da abokinsa Iliya. Saurayi ne mai fara'a da saurin taimakon mutane, amma akwai ciwo guda da ya fi ƙarfinsa, wato son yabo. In aka ce masa ya iya abu, sai ya wuni yana juya maganar a ransa kamar mai tsotson alawa.

Bayan karatu, babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar wani katun na Japanawa mai dogon zango, irin wanda ake kira anime. Labarin wata duniya ne da ake yaƙi a saman gizagizai. Jiragen cikinsa ƙatta ne kamar jiragen ruwa, an ƙera su da tagulla da katako, tururi ke tafiyar da su, bututunsu na tuttuɗo hayaki, matuƙansu samari da 'yan mata masu manyan tabarau a goshi. Abdulbasit yakan yanko wani ɓangare na fim ɗin, ya mayar da maganganun zuwa Hausa, ya ɗora muryarsa a kai, ya sa a shafinsa. Shi ne muryar kyaftin, shi ne ta makaniki, shi ne ta mugun janar. Hausawa daga Kano har Damagaram suna kallo suna yaba masa, shi kuwa kullum yabon bai ishe shi ba.

Yana da wani aboki mai suna Mu'tasim, Bahaushen Sudan ne, tela, wanda yaƙi ya koro daga Omdurman tare da mahaifiyarsa. Sun sami ɗaki a unguwar Arba wa Nus. Sunan tsohuwar Ummul-Khairi, amma kowa Inna yake ce mata. Hausarta tsohuwa ce gauraye da Larabci, wadda ta gada daga kakanninta da suka taso aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Ta riƙi Abdulbasit kamar ɗan cikinta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, can yake cin abincin rana, ta yi masa tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, ta ce ya ci ya ƙara tunda uwarsa tana nesa.

Ana haka sai fassararsa ta kawo wani wuri mai wuya. A cikin katun ɗin, jirgin abokan gaba ya zo saman wani gari ya yi ruwan wuta, wata tsohuwa ta durƙusa cikin ɓaraguzai tana neman ɗanta. Abdulbasit ya gwada muryar tsohuwa iya gwadawa, abin ya ƙi. Iliya ya saurara ya ce, "Ka yi haƙuri, amma wannan ba kukan uwa ba ne, kukan akuya ne."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, Mu'tasim ya fita sauyo tukunyar gas, ya bar shi da Inna tana dafa gahawa. Sai wani jirgin fasinja ya sauko ƙasa-ƙasa zai sauka a filin jirgi, ƙararsa ta cika ɗakin. Inna ta dunƙule har gahawar ta zube a tabarma.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana," in ji ta. "Har yau jikina bai yarda cewa akwai jirgin da ba ya kisa ba."

Sannan ta fara magana a hankali. Ta ba shi labarin ƙaramin ɗanta Munzir, wanda ta aika sayen burodi da safe, jirgi ya zo ya jefa wuta a layin gidan burodin. Tun daga jimlar farko Abdulbasit ya ji muryar da ya daɗe yana nema. Wayarsa tana gefen gwiwarsa. Zuciyarsa ta ce masa kada ya yi, amma yatsansa ya riga ya danna wurin ɗaukar murya, ya kife wayar a kan tabarma.

Inna ba ta lura ba. Ta faɗi yadda ta fita da gudu babu mayafi, yadda ta dinga ɗaga tubala da hannunta. Muryarta ta karye ta ce, "Ga takalminsa nan, ƙafa ɗaya. Na ce musu, jama'a, ga takalmin, ina sauran ɗana?" Ta yi kuka mai tsawo. Da ta share hawaye, ta ce, "Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko Mu'tasim, don kada in ƙara masa nauyi. Kai ne Allah ya sa na sauke wa."

Abdulbasit ya yi mata addu'a, har idonsa ya kawo ruwa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Amma bai goge abin da ya ɗauka ba.

Da ya koma gida ya ɗora muryar a bakin tsohuwar zane, ya cire sunan Munzir, ya bar sauran. Ta zauna daram kamar don ita aka zana hoton. Iliya ya kalla, ya tambaye shi.

"Muryar wa ce wannan?"

"Wata tsohuwa ce."

"Ta san za ka sa?"

Abdulbasit ya ce, "Babu suna a ciki, babu fuska. Wa zai gane ta? Kuma mutane za su ji zafin yaƙi, wannan ai alheri ne."

"In alheri ne, je ka tambaye ta," in ji Iliya.

Bai je ba. Ya san amsar da zai samu, shi ya sa ya saki bidiyon tun kafin zuciyarsa ta sake yi masa magana.

Yabo ya zubo masa fiye da yadda ya taɓa gani. Wasu suka rubuta cewa sun yi kuka, wasu suka ce ba a taɓa fassara irin wannan ba a Hausa. Da aka tambaye shi wa ya yi muryar, ya ce sirrin sana'a ne. Juma'ar da ta biyo baya ya ce wa Mu'tasim yana da jarrabawa, bai je cin tuwo ba, domin ba ya jin zai iya kallon idon Inna.

Daga nan abin ya fita hannunsa. Wani ya yanke jimlar takalmin kaɗai, ya ɗora a kan bidiyon mutumin da aka sace wa takalmi a ƙofar masallaci. Mutane suka yi ta dariya. Wasu suka kwaikwaya, kowa ya ɗaga silifa ƙafa ɗaya yana motsa baki da muryar Inna. Abdulbasit ya ga wannan, amma ya lallashi kansa da cewa Inna ba ta riƙe babbar waya, ba za ta gani ba.

Ta ji ne a gidan suna a unguwar Ainu Shams. Mata sun cika falo, wasu 'yan mata a gefe suna kallon waya suna ƙyalƙyala dariya, sai muryarta ta fito daga cikin wayar tana tambayar ina sauran ɗanta. Inna ta miƙe ta ce a nuna mata. Suka nuna mata na masu barkwanci, suka nuna mata na asali, jirgin tagulla yana zubo wuta, tsohuwar zane tana kuka da bakinta. Ta nemi ƙofa, sai da aka riƙe ta aka sa a mota.

Washegari da hantsi Mu'tasim ya zo Hayyin Ashir. Bai zauna ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Ni ɗanta ne," in ji shi, "ban san yadda ta tsinci takalmin ƙanena ba sai a wayar mutane, ana dariya. Mun buɗe maka ƙofa, ka ci da hannunka a kwanonmu. Me muka yi maka?"

Duk hujjojin da Abdulbasit ya tara suka watse. A gaban Mu'tasim ya goge bidiyon, ya rubuta a shafinsa yana roƙon mutane su goge nasu. Kaɗan suka goge. Wasu ma sai a lokacin suka je neman sa.

Ya daɗe yana kai-kawo kafin ya iya hawa motar Arba wa Nus. Ya tarar da Inna a kwance, ta rame, ta daina fita ko gidan maƙwabta don kada wani ya ji muryarta ya gane. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, na ci amanarki. Ba ni da hujja. Ki yafe mini don Allah."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Na yafe maka, ɗana, don ni ma ina neman gafarar Ubangiji," in ji ta. "Amma bari in gaya maka abin da ka ɗauke mini. Dā in na rufe ido na tuna ranar nan, fuskar Munzir nake gani yana fita da kuɗin burodi a hannu. Yanzu in na rufe ido, jirgin nan naka na zane nake gani, ina jin dariyar yara. Wannan ba ka da ikon mayar mini da shi. Khalas, shi ke nan, tashi ka tafi, Allah ya shirye ka."

Ya fito yana jin da ma zagin sa ta yi.

Bai sake fassara katun ba, ko kallonsa ba ya iya yi. Mu'tasim yana amsa sallamarsa in sun haɗu a masallaci, amma bai ƙara ce masa ya zo gida ba. Bayan wani lokaci suka tashi daga unguwar, ba su gaya masa inda suka koma ba.

Wata rana yana cikin ƙaramar bas zai tafi makaranta, wasu sababbin ɗalibai biyu 'yan Najeriya suna zaune a bayansa. Ɗaya ya kunna waya, muryar Inna ta tashi, suka fashe da dariya. Abdulbasit ya juya ya ce, "Don Allah ku kashe. Uwa ce take kukan ɗanta da aka kashe."

Mai wayar ya dube shi da mamaki ya ce, "Haba malam, katun ne fa." Ya sake kunnawa.

Abdulbasit ya ce wa direba ya tsaya. Ya sauka a inda ba nan zai sauka ba, ya ƙarasa makaranta a ƙafa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da mutum ya faɗa maka cikin yarda amana ce, ko bai ce ka ɓoye ba. Baƙin cikin wani ba kayan ado ba ne da za ka yi wa aikinka kwalliya da shi don a tafa maka. Duk abin da kake tsoron neman izini a kansa, zuciyarka ta riga ta gaya maka bai halatta ba. Son yabo yana sa mai kirki ya cuci wanda ya fi ƙaunarsa, kuma abin da ka saki a waya ba ya dawowa. Ana iya yafe maka, amma yafiya ba ta gyara abin da ka fasa a zuciyar wani.