Taƙi Huɗu na Bindigar Barmo

Ku matso, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Iya, mu ji ta.

An yi wani maharbi, sunansa Barmo. Ran nan tsohuwar bindigarsa ta fashe, sai ya saɓi dogon bututun ƙarfe ya nufi maƙerar Jatau domin a ƙera masa sabuwa. A ranar kuma Barewa ta haihu a dajin bayan gari. Ɗan nata ƙafafunsa sai rawa suke yi, sai ya kwana uku kafin ya iya gudu.

Da Barewa ta ji labarin bindigar, sai ta je bakin ramin Kurege. Ta ce, "Ƙanena, ina zan ɓoye ɗana? In bindigar doguwa ce, kurmi zan shiga, don reshe zai riƙe ta. In gajera ce, fako zan fita, don harbinta ba ya nisa. To ban san wacce za a ƙera ba."

Kurege ya ce, "Yaya, shiga kurmi. Sauran ki bar mini."

Ya ruga maƙera, ya tarar Jatau yana awon bututu da hannu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce wa Barmo, "Ranka ya daɗe, Barewa ta tattake mini rami. Ni zan nuna maka inda take. Amma kada a rage ko taƙi ɗaya, doguwa ita ce bindigar maza."

Jatau ya ce, "Ta yi tsawo, Barmo."

Barmo ya ce, "A bar ta haka." Shi mutum ne mai son a kira shi namiji.

Washegari da sassafe suka shiga kurmi. Ga Barewa can, ga ɗanta kwance. Barmo ya ɗaga bindiga, bakinta ya maƙale a sarƙaƙiya. Ya ja, ta ƙi. Kafin ya ɓalle ta, Barewa ta tura ɗanta da hanci sun shige duhuwa.

Barmo ya koma maƙera ransa a ɓace. Jatau ya karɓi bindigar. Ya sa zarto ya yanke taƙi ɗaya, ya ɗora masa ita a kafaɗa, ya ce, "Yanzu ta yi daidai. Kurmi ko fako, duk za ta ci. Kada ka sake kawo mini ita."

Kurege ya ji abin da Jatau ya ce. Ya je ya gaya wa Barewa. Ta ce, "Ina zan ɓoye ɗana?"

Ya ce, "Yau kam ban sani ba, Yaya."

Ta zauna a kurmin, ba ta ci ba, ba ta sha ba. Gari ya waye, Barmo ya zo. Kurege ya bi da shi nan, ya bi da shi can, amma maharbi ya ga sawu da kansa. Ya ɗaga bindiga, ba abin da ya riƙe ta. Barewa ta yi tsalle ta bar wajen ɗanta don ya bi ta da harbi. Ya danna kunamar bindiga. Harsashi ya tsaga mata kunne, jini ya zubo har wuya. Ni kaina, yara, duk son da nake wa naman barewa, nan wurin tausayinta nake ji.

Kurege ya daure ya yi tsaki. Ya ce, "Kash, ranka ya daɗe. Hannunka ya riga ta, nauyin bututu ne ya ja ka baya. Da an rage taƙi uku, da yanzu ana fiɗa."

Barmo ya koma maƙera. Jatau ya ce, "Bindigar da ta taɓa kunne, gobe wuya za ta samu. Ka bar ta."

Barmo ya ce, "Hannuna bai taɓa kuskure ba. Yanke."

"Barmo, in na yanke ba na mayarwa."

"Na ce ka yanke."

Zarto ya ci taƙi uku.

Kurege ya ruga daji yana haki. "Yaya, fako! Tsakiyar fako!"

A rana ta uku Barewa ta tsaya a fili, ba itace, ba ciyawa, ɗanta kwance a gindinta. Ta hango Barmo yana rarrafe. Ta ce, "Tashi, ɗana." Ya yunƙura ya faɗi. Barmo ya matso. Ta ce, "Tashi, ɗana." Ya miƙe ya durƙushe. Barmo ya ga in ya ƙara taku za ta gudu, sai ya saita daga nan. Bindiga ta yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, harsashi ya faɗi a ƙasa tun bai kai rabin hanya ba.

Ƙarar ce ta ɗaga ɗan barewa. Ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya zura, har uwar ce ke binsa a baya.

Barmo ya kwaso guntayen bututu ya kai wa Jatau, ya ce a mayar. Jatau ya ci gaba da zuga wutarsa, ko kai bai ɗaga ba.

To kun ji. In mai sana'a ya ce muku abu ya yi daidai, ku cire hannu, kada ku biye wa mai zaƙin baki. Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Kowa ya ɗauki takalminsa.