Wanda Ya Ga Zuciyar Manaja

Tasalla ta shekara tara tana ɗinkin buhu a wani kamfani, amma da ta samu ciki sai manaja ya sallame ta. Ta kai ƙara ofishin ƙwadago, ashe jami'in da ta tarar abokin manajan ne.

Ya ce, "Malama, wariya a zuciya take. Kawo wanda ya ga zuciyarsa ya ba da shaida, ko in rufe fayil."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai kana zarginsa?"

"Ni? Mutumin nan zuciyarsa fara ce tas!"

"Alhamdu lillahi, ashe ka gan ta! To, kai ne shaidata. Shaida kuwa ba ya yanke hukunci, sai ka miƙa fayil ɗin gaba."

Dole jami'in ya miƙa fayil ɗin gaba. Kafin wata ya ƙare, aka mayar da Tasalla bakin aikinta.