Saniyar da Ta Mutu a Hannun Ɗan'asabe

Ku matso ku ji, in na gama ku yi ta musu, ni dai raina a ɓace yake.

Ɗan'asabe mahauci ne, fawa gadonsa ce. Wata rana saniyar da ya sayo ta mutu kafin wuƙa ta kai wuyanta. Da wani ne, da ya feɗe ta shiru ya sayar, amma shi ya rungumi asara, ya ɗora ta a amalanke don ya binne ta bayan gari.

Lawandi, wani mai zaman kashe wando da waya a hannu, ya hango shi. Bai tambaya ba, bai bi amalanken ba. Ya shiga shafin wata jaridar intanet, ƙarƙashin labarin tsadar nama, ya rubuta cewa da idonsa ya ga Ɗan'asabe da mushe. Bai yi ƙarya ba, amma rabin gaskiyar nan ta fi ƙarya dafi.

Bashari, editan jaridar, ba ya duba labari sai ya duba yawan masu sharhi. Da ya ga wurin ya ɗauki zafi, sai ya mayar da maganar babban labari, ya manna mata "ana zargin" don ya wanke hannunsa. Masu sharhi suka yi ca, har da waɗanda ba su san hanyar garin ba. Nama ya yi ta kwana a teburin Ɗan'asabe.

Shamsiyya, wakiliyar jaridar, ta zo har garin. Ɗan'asabe ya kai ta ramin, ya tone da hannunsa, wari ya buge ta. Ta rubuta gaskiya, jaridar ta buga gyara. Masu sharhi suka ce an saye ta, suka zagi iyayenta. Ta tsorata, ta roƙi Bashari ya sauke gyaran, shi kuwa ko gardama bai yi ba.

Ɗan'asabe ya daure, yana cewa ƙura za ta lafa. Sai aka yi wa ƙanensa haihuwa. Ranar suna ya wasa wuƙa ya je, ya tarar wani mahauci na feɗe ragon. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni na yarda da kai. Baƙi ne ba za su ci ba."

To, tsakanin Lawandi da ya faɗa bai tambaya ba, da Bashari da ya yayata bai bincika ba, da Shamsiyya da ta sani ta janye, wa ya fi zaluntar bawan Allah nan?