Kurege da Ɗamarar Garin Ɗorawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun ajiye surutu.

To. Wata shekara Zalɓe ya tafi yawon duniya. Ya daɗe bai dawo ba, har kwaɗin tafki suka fara ƙiba. Da ya dawo bai zo da turare ba, bai zo da dabino ba, sai wani irin faɗa da ya koyo a ƙetaren teku, wai shi kareti. Ya share fili a gindin tsamiya, bakin tafki, ya ce duk mai son koyo ya zo.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Sabon shiga farar ɗamara zai ɗaura. In ya koyu, Malam Zalɓe ya gwada shi, ya kwance farar, ya ɗaura masa mai ruwan ɗorawa. Ita ce matakin farko. An ce akwai wasu a gaba, koriya da shuɗiya har da baƙa, amma a dajin nan ba wanda ya ko hango su.

Kurege bai taɓa leƙa filin ba. Shi faɗa bai dame shi ba, gudu ya iya. Sai wata kaka birai suka shiga gonar gyaɗar da Kunkuru yake gadi, shi kuwa Kunkuru ya sami ɗamararsa mai ruwan ɗorawa. Ya cafke ƙafar wani biri ya murɗe, birin har yau da ɗingishi yake hawa bishiya. Tun daga ranar, in birai suka hango ruwan ɗorawa a ƙugun wani sai su sake hanya. Manoma suka ce to, daga yanzu mai wannan ɗamara kaɗai za a ɗauka gadi, ladansa ƙwaryar gyaɗa guda kullum.

Da kaka ta sake zagayowa maganar ta shiga kunnen Kurege. Ƙwarya guda. Kullum. Ya haɗiye miyau, ya nufi gindin tsamiya.

Ya tarar da Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, ido a lumshe.

“Allah gafarta Malam, na zo karɓar ɗamara.”

“Ga fara can a reshe, ɗauki ɗaya.”

“A’a Malam, ɗayar nake nufi. Mai kalar nan.”

“Ita ba a rataye ta a reshe.”

“To kwana nawa ake yi a same ta?”

Zalɓe ya buɗe ido ɗaya. “Mai zuwa kullum, wata uku. Mai zuwa yau, gobe ya ce ciwon ciki, wata shida ko bakwai. Kunkuru shekara biyu ya yi, amma shi rabin lokacin a hanya ya ƙare.”

“Malam, saura kwana goma a fara cirar gyaɗa.”

“Na sani.”

“Babu wata gajeriyar hanya?”

“Akwai. Ka zo tun farkon damina.”

“Ai damina ta wuce, Malam.”

“To ka ga hanyar ta toshe.”

Kurege ya ɗaura fara yana gunaguni, ya shiga layi kusa da Bushiya, wadda ta yi wata biyu tana zuwa. Ya ɗauka naushi za a fara. Sai Zalɓe ya ce, “Sunkuyar da haɓa. Mirgina ta kafaɗa. Mari ƙasa da tafin hannu. Faɗi. Tashi.”

Kurege ya faɗi, ya tashi.

“Faɗi. Tashi.”

Ya faɗi, ya tashi. Tun hantsi har rana ta take, faɗi, tashi. Kashegari, faɗi, tashi. Rana ta uku, faɗi, tashi, har wutsiyarsa ta koma kamar tsohuwar tsintsiya.

Ya raɗa wa Bushiya, “Yaya, wai yaushe ake fara naushin?”

“Ni dai jiya aka nuna mini yadda ake dunƙule hannu.”

“Ke ai dama a dunƙule aka haife ki.”

Ya ɗaga murya. “Malam, ni fa koyon kayar da mutane na zo.”

Zalɓe ya ce, “Kafin ka kayar da ɗaya, za a kayar da kai sau ɗari. So nake ka tashi daga ɗarin nan da ƙasusuwanka. Faɗi.”

Rana ta huɗu Kurege bai zo ba. Ya aika aka ce ciwon ciki.

Gidan Kaza mai daddawa ya tafi. Ita kalwa take buƙata, garin ɗorawar kuwa ta tara shi a tukunya tun bazara.

“Gwaggo, a sam mini garin nan, kunu zan dama.”

Ta cika masa ludayi biyu. Ya koma raminsa, ya kwaɓa garin da kauri, ya ga ba ya kama yadi, ya zuba zuma don ya manne. Ya tsoma farar ɗamara, ya juya, ya sake juyawa, ya shanya a kan dutse. Da ta bushe sai ga ta rawaya shar, ta fi ta Kunkuru haske. Ya lashi bakinta kaɗan don ya ji ko ta kama. Ta kama. Ya sake lasa. Da ƙyar ya janye harshensa.

Inna Akuya tana da gona a ƙetaren rafi, nesa da idon Zalɓe. Da kwana goman nan suka cika, an cire mata gyaɗa, an tara tana shan rana, ga birai suna kewaye, ga masu ɗamara duk an riga ta ɗauka. Sai ga Kurege yana tafe yana buɗa kafaɗa.

“Sannu da aiki, Inna. An ce kina neman mai gadi.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan nan, ba kai na kora daga gonar nan bara ba, da kumatu cike?”

“Ƙanena ne, Inna. Kamarmu ta yi yawa, shi ne yake ɓata mini suna.”

“Yaushe ka shiga wajen Malam?”

“Bai daɗe ba. Malam da kansa ya ce bai taɓa ganin ɗalibi irina ba.”

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Inna ta miƙo hanci. “Ɗamarar nan taka da wani ƙamshi.”

Kurege ya ja da baya. “Haka sababbi suke. Kada ki matso, Inna, ba a taɓa ta.”

Ta ɗauke shi gadi, ta tafi gida.

Ranar farko ya hau kan suri, ya ɗage ƙafa ɗaya irin ta Malam, ya turo ƙugu gaba. Birai suka hango rawaya, suka sake hanya. Ya sauko ya cinye ƙwaryarsa. Ya ga ƙwarya ta ƙare ciki bai cika ba, ya ce ai tarin nan ba zai san an taɓa shi ba.

Rana ta biyu ya hau suri, ya ɗage ƙafa, birai suka sake hanya. Ya sauko ya cinye ƙwarya, ya ƙara da tari.

Rana ta uku bai ma tsaya neman ƙwarya ba. Ya shiga tarin da kai, ya ci, ya ci, ya ci, har ɗamara ta matse shi, ya sassauta ƙulli, ya ƙara ci. Rana ta take. Ya kwanta a inuwar tarin, ya ce bari ya huta ido kaɗan.

To ku ji. Wata tururuwa tana wucewa ta ji ƙamshi. Ta hau ƙafar Kurege, ta ɗanɗana, ta sauka da gudu ta kira ’yar’uwarta. ’Yar’uwar ta kira tata. Kafin ka ce me, layi ya miƙe tun daga gindin suri har ƙugun mai gadi. Ba su cije shi ba. Me za su yi da shi, ga abin da ya fi shi daɗi? Suka lashe gaba, suka lashe baya, suka shiga ƙarƙashi suka lashe. Ɗamara ta koma fara fat, ta fi ranar da aka saƙa ta.

Kurege ya farka don ya ji inuwa ta ƙaru. Ya buɗe ido. Goggon Biri ne a tsaye a kansa, sauran birai kuma sun cika rassan kanya suna kallo.

Ya zabura ya haye suri, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya bugi ƙugu. “Ba ku ga wannan ba?”

Goggon Biri ya ce, “Mun gani. Fara ce.”

Kurege ya sunkuya. Tururuwa ta ƙarshe tana sauka ta ƙafarsa tana lashe baki.

Ya duba hanyar gudu. Ramin da ya fi kusa yana can bakin rafi, kuma da cikin nan ko ya isa ba zai shige ba. Ya duba haƙoran Goggo. Sai ya sauke ƙafa a hankali, ya yi hamma.

“Ashe ba ku da labari. In mutum ya wuce rawaya, ya wuce koriya, ya wuce shuɗiya, ya wuce baƙa, ɗamarar da kanta take komawa fara.”

“A barci ɗaya, ɗan tsito?”

“Mu manya a barci ake gwada mu. Kuma muna da doka. Ba ma taɓa na ƙasa da mu sai ya yi jifa da mu sau bakwai. Ba cizo, ba yaƙushi, jifa kawai. Bakwai naka ne kyauta. Na takwas nawa ne.”

“Me ake yi a na takwas ɗin?”

“Tambayi mai ɗingishin can. Shi rawaya ce kawai ta riƙe shi.”

Mai ɗingishi ya ja ƙafarsa cikin ganye.

Goggon Biri ya yi dariya, ya kama Kurege a wutsiya, ya wulwula, ya sake. Kurege yana sama ba ya tuna komai sai muryar Malam. Haɓa, kafaɗa, tafi. Ya mirgina, ya mari ƙasa, ya tashi. Shi kansa ya yi mamaki.

Ya kakkaɓe ƙura. “Ɗaya.”

Goggo ya sake kamawa, ya sake jifa. Faɗi, tashi.

“Biyu.”

Faɗi, tashi.

“Uku.”

A na huɗu ya manta haɓa, sai da ya ga kanya biyu a inda take ɗaya. Amma ya tashi. A na biyar gyaɗa uku suka fito masa ta baki, ya tsince su ya mayar. Birai a kan reshe suka daina dariya. A na shida ya tashi a hankali, ya gyara ɗamara.

“Shida. Saura ɗaya. Yi sauri don Allah, hannuna ya fara ƙaiƙayi.”

Ya taka da kansa, ya juya, ya miƙa wa Goggo wutsiya.

Goggo yana haki. Ya dubi wutsiyar. Ko kare ya jefa haka sau uku ba ya ƙara tashi, ga wannan abu sau shida yana neman ƙari.

Mai ɗingishi ya leƙo daga ganye. “Yallaɓai, a bar shi a shida.”

Wani ya ce, “In ba a yi na bakwai ba, ai na takwas ba zai zo ba.”

Goggo ya sosa ƙeya. “Na bakwai ɗin sai baɗi. Yau ina da wajen zuwa.”

Suka watse. Kurege ya tsaya ƙyam har wutsiyar biri ta ƙarshe ta ɓace. Sannan ya zube. Wannan karon ba haɓa, ba kafaɗa, ba tafi. Rim, kamar buhu.

Yana kwance ya ga dogayen ƙafafu biyu a gefensa. Malam Zalɓe ne, ashe tun ɗazu yana cikin rafi yana kamun kifi, komai a idonsa.

“Malam, ka gani ko? Na kori Goggon Biri ni kaɗai. A ɗaura mini ta gaskiyar.”

“Na gani. A na huɗu ka manta haɓa.”

“Amma ai na ci faɗan.”

“Bakinka ya ci. Ni ba na ɗaura wa baki ɗamara. Kwana uku ka yi. Saura wata uku ba kwana uku, in cikin naka ya warke.”

Suna cikin haka sai ga Inna Akuya. Ta dubi tari, rabinsa ɓawo.

Kurege ya ce, “Inna, ko ƙwaya ɗaya birai ba su taɓa ba.”

“Na ga alama. Bara da suka taɓa sun bar mini fiye da haka.”

Ta matso, ta miƙo hanci. Tururuwa ba su iya shiga cikin ƙulli ba, akwai sauran zuma a ciki. Inna ta kama ƙullin, ta ja, ta fara tauna. Ta tauna, ta tauna, ɗamara tana shigewa har ƙarshenta ya ɓace. Ta lashe baki. “Dama na ce da ƙamshi.”

Sauran gyaɗar kuwa Kurege ne ya ɓare ta duka, kwana tara. Inna ta ce ya riƙa waƙa yana ɓara. Da waƙa ta tsaya ta san baki ya sami wani aiki, sai ta sunkuyar da ƙaho, waƙa ta ci gaba.

Ya koma gindin tsamiya da igiyar rama a ƙugu, don Malam ya ce farar ma guda ɗaya ake bayarwa. Faɗi, tashi. Faɗi, tashi. Bushiya ta cika wata ukunta aka ɗaura mata. Kurege kuwa yau ya zo, gobe ciwon ciki, jibi gaisuwar surukai. Sai a wata na bakwai Malam ya gwada shi, ya kwance igiya, ya ɗaura masa rawaya ta gaskiya.

Ya fito yana buɗa kafaɗa, ya zaga gona bayan gona yana neman aikin gadi. Tsakiyar bazara ce. Ko ganyen gyaɗa babu a ƙasa, balle tari. Ya zauna a gindin suri ya yi tagumi.

Sai ga tururuwar nan. Ta hango rawaya, ta zo da gudu, ta hau ƙafarsa, ta lasa. Ta sake lasa. Ta tofar.

“Malam Kurege, ta bara ta fi daɗi.”

Ƙurunƙus kan kurege mai cikin gyaɗa. Ba don tururuwa ba, da ƙaryar nan ta kai ƙarshen kaka. Abin koyi kuwa a bayyane yake: in za ku rina ɗamara, ku rina da abu mai ɗaci.