Littafin Gauraki da Gara Ta Ci

Akwai wani ma'aikacin gandun daji da aka ɗora wa tsaron wani tafki kusa da kan iyakar ƙasa. Shekara goma sha huɗu ya yi a bakin ruwan nan, har mutane suka manta sunansa, sai dai Baban Gauraki.

Aikinsa guda ne, kuma ya iya shi. Duk damina, idan gauraki suka ƙyanƙyashe a cikin ciyawar tafkin, zai shiga ruwa har ƙugu, ya kama 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowanne jan zobe mai lamba a ƙafar hagu. Sa'an nan ya rubuta lambar da ranar da wurin sheƙar a littafi. Idan littafi ya cika, ya jefa shi a kabad ɗin katako da ke kusurwar ofis, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuya.

A ƙetaren iyaka kuma akwai wata malama mai irin aikinsa, tana kula da wata fadama. Ana ce mata Mai Tabarau. Sau uku tana aiko masa da wasiƙa. Ta ce duk rani tana ganin gauraki masu jan zobe a wurinta, tana zaton nasa ne, tana roƙon ya aiko mata da lambobinsa ita ma ta aiko masa da nata. A wasiƙa ta uku har ta ce al'amarin na gaggawa ne.

Ko ɗaya bai amsa ba. Ya gaya wa matarsa cewa shi ba zai sha cizon sauro ba, wata ta zauna a inuwa ta yi suna da guminsa. Matar ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gauraka ta tsaya a shingen iyaka ta nuna fasfo ba. Ya ce mata ta kula da tukunyarta.

Wata Litinin takarda ta zo daga babban ofis. Wani kamfani ya nemi a ba shi tafkin, ya janye ruwan, ya yi gonar rake. Kwamiti zai zauna bayan kwana tara. Idan akwai shaidar cewa gauraki suna haihuwa a wurin shekara da shekaru, a kawo. Idan babu, za a sa hannu.

Baban Gauraki ya yi dariya, domin shaida ai tana wuyansa. Ya zaro makulli ya buɗe kabad ɗin da rabonsa da duba ƙasansa tun shekara uku.

Littafin da ke sama ya ɗaga, sai bangon ya taho a hannunsa, cikin ya zube kamar gari. Gara ta biyo ta ƙasa ta huda katakon, ta cinye littafi goma sha uku, ta gina gidanta da jar ƙasa a gurbinsu. Ya durƙusa yana tona ƙasar da yatsu. Abin da ya samu bai wuce guntun takarda mai rabin lamba ba. Na bana kaɗai ya tsira, shi ma don yana aljihunsa.

Kwana uku yana faɗi-tashi. Ya je babban ofis, magatakarda ya tuna masa cewa sau nawa aka nemi kwafi yana cewa sai ya kammala. Ya nemi masunta su yi shaida, aka ce kwamiti ba ya karɓar "mun sha gani". Ya zauna zai rubuto lambobin da ka, sai ya ajiye alƙalamin, domin ya san ƙarya zai rubuta. Abinci ya gagare shi. Duk sa'ad da gauraka ta yi kuka a bakin ruwa, sai ya ji kamar sunansa take kira.

A rana ta huɗu matarsa ta ajiye wasiƙun malamar nan uku a gabansa. Ashe ta tsince su daga kwandon shara ta adana.

"Maigida, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," in ji ta. "Balle wannan ba wada ba ce, kai ne ka mai da ita haka."

Ya ce da wane ido zai dubi malamar. Ta ce da wanda ya dubi garar.

Da sassafe ya hau mota, ya yi layi a shingen iyaka, ya sake hawa wata. Kafin ya isa ofishin malamar, hanya ta bi da shi ta gefen wani fili mai faɗi, busasshe, an jera tubali a kai, ga hayaƙi yana tashi. Bai kula ba, hankalinsa yana kan abin da zai faɗa.

Ya same ta a wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, madubin hangen nesa rataye a ƙusa, takalmin ruwa a bakin ƙofa da laka a jiki. Ba a inuwa take zaune ba ashe. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da gara ta yi, bai rage komai ba.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, sa'an nan ta ce:

"Malam, ka ga filin tubalin nan da ka wuce? Rabin fadamata ce. Lokacin da na rubuta maka ta uku, ni ma kwamiti aka sa mini. Suka ce tsuntsayen baƙi ne masu wucewa, in kawo shaidar inda suke fitowa. Shaidar tana wuyanka."

Ya kai hannu ya taɓa makullin. Ya miƙe zai fita, domin a ganinsa ya riga ya ji amsarsa.

Ta ce ya zauna. Ta janyo littattafai goma sha ɗaya daga kan kanta, babu kwaɗo, babu ƙofa ma. Kowace gauraka mai jan zobe da ta taɓa sauka a fadamar tana ciki, da lambarta da ranar da aka gan ta, har da 'yan shekara ɗaya da kambinsu bai gama fitowa ba. Ɗari biyu da goma sha bakwai. Ta ce kwafinsu yana ofisoshi huɗu a ƙasashe uku, ko wuta ta ci ɗakin nan ba a yi asara ba.

Ya bi lambobin da yatsa, yana gane su kamar mai karanta sunayen 'ya'yansa. Ya tambaye ta don me za ta taimake shi bayan abin da ya jawo mata.

"Ba kai nake taimako ba," ta ce. "In tafkinka ya tafi, a ina za su haihu? Sauran rabin nawa wa zai sauka a kai?"

Ranar zama suka shiga tare. Ya ajiye littafinsa na bana da ragowar jajayen zobba, ta ajiye nata goma sha ɗaya. Lambobin suka bi juna, inda nata suka tsaya nan nasa suka ɗora. Shugaban kwamiti ya duba ya sake dubawa, ya ce ba za a sa hannu ba.

Tafkin ya tsira. Filin tubali kuwa yana nan, kuma duk ƙarshen damina Baban Gauraki yana wuce shi da kwafin littafinsa a hammata, kansa a sunkuye. Kwaɗon kabad ɗin yanzu yana ƙofar akurkin kajin matarsa.

Darasi: 'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, tsuntsu da kifi da giwa ba su san iyaka ba, mu ne muka shata ta. Ilimin da ka kulle don rowa, gara ka ajiye wa, kuma kafin ta ci naka, wataƙila shirunka ya riga ya ci na maƙwabcinka. Abin da ka ba wani ya riƙe, shi ne za ka tarar ranar da naka ya salwanta. Ina roƙonku ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana yawo da makulli a wuya, tun bai buɗe kabad ɗinsa ya tarar da ƙasa ba.