Kujerar Faiba da Gammon Roba

A wani gari an yi wani mai walda, sunansa Irmiya, wanda Allah ya ba shi baiwar hannu, ya kuma haɗa masa da taurin kai. A bayan gidansa ya haɗa babur da kansa. Injin ya ciro daga wani tsohon babur da aka yar, ƙafafun daga wani, ƙashin jikin kuwa shi ya yanka ƙarfe ya ƙera. Maƙwabta suka yi ta dariya har ranar da babur ya tashi, daga nan suka koma roƙon a ɗana su.

Mahaifiyarsa tana zaune a wurinsa. Gwiwoyinta sun gaza, ba ta iya hawa bayan babur, hanyar ƙauyensu kuwa mota ba ta shigarta. Akwai majami'a kusa da gida, ana kai ta, amma zuciyarta tana can ƙauye, inda aka yi mata baftisma, inda ƙawayenta na zumuntar mata suke tsufa ba tare da ita ba. Irmiya ya ga wannan, ya ji tausayinta ƙwarai.

Ya ce mata, "Inna, sujadar godiyar kaka ta bana a ƙauye za ki yi ta. Ni zan kai ki."

Ta dubi babur ɗin ta ce, "A kan wannan abin naka mai tari? To, Allah ya nuna mana."

Sai ya yi shawara ya ƙera mata kujera mai tayarta a gefen babur, mai zurfi, inda za ta miƙe ƙafafu. Ta ƙarfe za ta fi ƙarfin ɗan injin, don haka ya nemo faiba, wato wani yadi na zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan gam, in ya bushe ya yi tauri, ga shi ba nauyi. Ya gina siffar kujerar da yumɓu, ya shafe ta da kakin zuma don kada faiba ta manne, ya shimfiɗa yadin, ya bi shi da gam, ya ƙara wani a kai. Gidan ya cika da wari, hannuwansa suka yi ta ƙaiƙayi, shi kuwa yana ta waƙa. Da ta bushe ya ɓamɓaro ta, ya goge da samfefa, ya yi mata fenti shuɗi. Ta yi kyau har yaran unguwa suna leƙowa ta katanga.

Saura ɗaurawa. Nan ne hannun mai walda ya yaudare shi. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne, in abu yana motsi, ba a gama aikin ba. Ya huda kujerar, ya ɗora ta a kan ƙarfe, ya sa noti, ya ɗaure da sifana har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya girgiza, ko gezau. Ya ce, "Yanzu na yi aiki."

Ya ɗora buhun masara a ciki don gwaji, ya bi hanyar gargada. Da ya dawo, sai ga tsaga a bakin kowane noti. Ya ce ai faibar ce ba ta yi kauri ba. Ya liƙe wurin, ya ƙara yadi, ya ɗaure fiye da na farko. Ya sake fita da buhun, kujerar ta sake tsagewa, wannan karon har gefe ɗaya ya saki. Godiyar kaka ta matso, ga alkawari a wuyansa. Ya zauna a kan buhun ya yi tagumi, baƙin ciki ya kama shi, gama da Inna ce a ciki da ta faɗi.

Tsohuwar ta fito da sandarta, ta tsaya tana kallon kujerar. Ta ce, "Me ka sa tsakaninta da ƙarfen?"

Ya ce, "Ba komai, Inna. Na ɗaure ta ne tamau."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. "Ɗan nan, na tsufa ina ɗauko tulu daga rafi, hanya duk duwatsu. Ka taɓa ganin na aza shi a kaina ba gammo? Tulu da tauri, kai da tauri. In ba mai laushi a tsakani, ɗaya zai ji jiki."

Irmiya ya tashi. Ya jawo wata tsohuwar taya daga bola, ya yanka roba ƙanana, ya huda su. Ya gyara kujerar, ya sa roba a sama da ƙasan kowane rami, ya mai da noti. Da ya zo ɗaurewa, hannunsa yana so ya ƙara, amma ya hana shi, ya ajiye sifana. Ya taɓa kujerar, ta ɗan motsa. Ransa bai so ba, ya dai ɗora buhun ya tafi. Ya faɗa ramuka, ya hau duwatsu, ya dawo ya duba, babu ko tsaga.

Ranar godiyar kaka Inna ta ɗaura zanenta na zumunta, aka zaunar da ita a kujerar, kwandon gyaɗar da za ta miƙa baiko ga Allah a cinyarta. Tun a hanya ta fara waƙa, gargada tana karya mata murya, ba ta fasa ba. Da suka iso bakin majami'a, matan suka gane ta, suka fito da guɗa, suka ɗauke ta cak suka shiga da ita. Irmiya ya tsaya a waje yana share hawaye da bayan hannu, yana dariya.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙarfe su ne masu ƙarfi a cikinmu: maigida, uwa, dattijon ikilisiya, babban wa. Faiba su ne waɗanda Allah ya ɗora a kanmu mu ɗauka, masu kyau, masu saurin jin ciwo. Hanyar gargada ita ce zaman duniya, ba mai iya share ta. Robar kuwa haƙuri ne da tawali'u, waɗanda suke shanye bugun kafin ya kai ga ɗan'uwa. Haka Ubangiji ya yi mana, ya shiga tsakani, bugun da ya kamace mu ya sauka a kansa.

Irmiya ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta sa ya ɗaure, kamar yadda da yawanmu muke matsa wa 'ya'yanmu da matanmu da faɗa da doka, muna cewa don kada su faɗi ne. In mun ga tsaga, sai mu ce su ne ba su da ƙwari, mu ƙara ɗaurewa. Ba a ce ka kwance notin ka yar ba, gama kujerar da ba a ɗaure ba za ta zube a hanya. Amma in ka koma gida yau, ka dubi fuskar wanda kake ɗauke da shi. In ka ga tsaga, ajiye sifanar, ka zauna kusa da shi, ka yi masa magana mai laushi.