Batirin Barau da Sanyin Asuba

An ce wai a wani gari na kan tudu, inda sanyi kan sa manja ya daskare a kwalba, an yi wani Sarkin Tasha ana ce masa Alhaji Maikano. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya yi shekara talatin yana tuƙi kafin idonsa ya gaza, direbobi suka ɗora shi a kan kujera.

A bakin tashar akwai rumfar wani mai sayar da batir, sunansa Hashimu. Abin da ya mallaka a duniya rumfar nan ce da sunansa, ga shi kuwa su biyun suna neman kuɓuce masa. Dalili, wani direban bas mai suna Barau ya sayi sabon batir a wurinsa, amma kullum da asuba motar sai ta yi ta gurnani kamar tsoho mai tari, ta ƙi tashi sai an tura. Fasinjojin kasuwar ƙauye suka gaji da turi, suka koma motar wani. Barau kuwa ya bi teburin mai shayi da majalisar 'yan kamasho yana cewa Hashimu tsofaffin batura yake wankewa ya sayar a matsayin sababbi. Dokar tashar kuma ita ce, wanda aka kama da algus, a ranar zai kwashe kayansa.

Aka tara su gaban Sarkin Tasha bayan azahar. Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, gawa ya sayar mini. Kwana tara ke nan ina roƙon mutane turi, har yara sun sa mini suna Barau A-tura."

Hashimu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a kwalinsa na ba shi. Ga motar can, a murɗa makulli, gani ya kori ji."

Aka murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya. 'Yan kallo suka fashe da dariya, wani ya ce, "Barau, ko dai hannunka ne ke jin sanyi?" Hashimu ya ji zuciyarsa ta yi fari, yana jiran a wanke shi.

Amma Alhaji Maikano ya girgiza kai ya ce, "Ba a yanke hukunci babban mai shaida bai zo ba. Wanda ya ga abin da ke faruwa tsakanin motar nan da batirinta shi ne sanyi, shi kuwa ba ya fitowa da rana. Mu za mu je mu same shi."

Ya sa aka ciro batirin da ake rigima a kansa aka ɗaura a tasa motar, aka ɗauki nasa, wanda kowa ya san lafiyarsa, aka ɗaura a bas ɗin Barau. Ya karɓi makullan biyu ya jefa a aljihu, ya ce motocin su kwana a fili, kowa ya dawo bayan sallar asuba.

Hashimu ya zo da sassafe. Ya san bai wanke tsohon batir ba, amma ya san sabo ma yakan zo da cuta tun daga kamfani, kuma ba wanda zai saurari wannan uzuri. Raɓa ta lulluɓe gilasan motoci, bakin kowa na fitar da tururi.

Sarki ya miƙa makullin motarsa, aka murɗa. Batirin Hashimu ya tashe ta nan take. Ya miƙa wa Barau nasa makullin. Barau ya murɗa, bas ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Kafin kowa ya ce uffan, ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya ɗauko wani dutse, ya buɗe wurin batir ya ɗaga hannu zai buga.

Sarki ya ce, "Tsaya. Wannan fa?"

Barau ya ce, "Ai kan batirin ne yake ɗan motsi, ranka ya daɗe. In na ƙwanƙwasa shi yakan kama. Haka maigidana ya koya mini."

"Shekara nawa kana ƙwanƙwasawa?"

"Za a yi uku."

Aka haska wurin. Ƙarfen da ke riƙe kan batirin ya tsage saboda duka, an cusa ƙusa a gefe don ya matse, farin gari kamar kanwa ya cika tsakani. Sarki ya ce, "Ku duba. Da rana inji na da ɗumi, baƙin mai ya saki, 'yar wutar da ke ratsa tsagar nan ta isa. Da asuba mai ya yi kauri, inji na neman wuta mai yawa, hanya kuwa ta toshe. Ko batirin jirgi ka ɗaura, haka za ta yi maka."

Barau ya sunkuyar da kai, dutsen na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Hashimu ya buɗe baki zai yi godiya, sai Sarki ya juyo gare shi.

"Hashimu, ranar da ya zo saye, ka leƙa motarsa?"

"A'a. Batir ya ce in ba shi, na ba shi."

"Tsohon batirin da ya bar maka fa, ka gwada shi?"

 Hashimu kuwa ya gwada shi tun a ranar, ya ga da sauran ƙarfinsa, ya tura shi ƙarƙashin benci ya yi shiru. A zatonsa ba wanda ya sani sai shi. Ya dubi rumfarsa, ya dubi dattijon, ya ce, "Na gwada. Lafiyarsa ƙalau."

 Alhaji Maikano ya dube shi ya ce, "Da ka yi mini ƙarya yanzu, da ka kwashe kayanka, don jiya da na aika a ɗauko sifana a rumfarka an ga tsohon batirin ƙarƙashin benci a kan caji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai Barau, ka ɓata sunan mutum a kan laifin hannunka. Duk teburin da ka zauna ka ce ya yi algus, ka koma ka zauna ka ce ba haka ba ne. Kai kuma Hashimu, ba ka sayar da gawa ba, amma ka sayar wa mai ciwon ƙafa maganin ciwon kai, kana sane. Ka karɓi sabon batirinka, ka mayar masa da tsohonsa da kuɗin da ya ba ka, ka canza masa ƙarfen kan batir da hannunka. Daga yau kada batir ya bar rumfarka sai ka ga inda zai zauna."

Hashimu ya durƙusa a gaban bas ɗin, ya kankare farin garin, ya wanke da ruwan zafi daga tukunyar mai shayi, ya ɗaura sabon ƙarfe ya matse. Aka mayar da tsohon batirin da aka yi wa kallon matacce. Rana ba ta fito ba tukuna, Barau ya murɗa makulli, mota ta amsa.

Shi ya sa masu hankali suka ce, sanyi ba ya ƙirƙiro aibi, wanda ke ɓoye yake tonawa, a ƙarfe ne ko a mutum. Kafin ka yar da abu ka ce ya mutu, duba abin da ya haɗa ka da shi.